Katin Baba a Sama

A gidanmu na Pauwa akwai wata dawa da ba ta da suna a kasuwa. Mu dai dawar tsohuwa muke ce mata, domin kakata, mahaifiyar Baba, ita ta zo da irinta cikin kayan aurenta daga wata unguwar Maguzawa da ke bayan Daudawa. Doguwa ce, ba ta gaggawar nuna, ƙwayarta ruwan ɗorawa da ɗan ɗigon ja a gindi. Ba ta cika rumbu kamar kaura, tsuntsaye kuma sun fi mu sonta. Amma tuwonta idan ya kwana ba ya tsami. Da safe a ɗumama maka shi da miyar kuka, ka ci ka manta da wanda ya ɓata maka rai jiya. Ban tashi na tarar da tsohuwar da rai ba, dawarta kawai na sani.

Shekarun da kuɗin mai suka shigo ƙasa, gandunmu ya watse ba tare da an yi faɗa ba. Ƙanena ɗaya ya tafi Kaduna aikin gini, ɗayan ya koyi tuƙin tifa ya bi masu shimfiɗa kwalta. Ni kuwa, ɗan fari, na sami aiki a wata cibiyar binciken iri da ke birni, aka yi mana ƙarin albashi, na sayi babur ja wanda har yau nake jin ƙamshin kujerarsa. Aka bar Baba da gona da 'yan ƙwadago. Duk girbi yakan zaɓi zangarniyoyin da suka fi cika, ya ɗaure, ya rataye a rufin ɗakin girki inda hayaƙi ke hana ƙwari taɓa su. Bai taɓa cewa komai ba, amma duk mun san abin da ke ransa. A cikin 'ya'yansa babu wanda zai shuka dawar nan bayansa.

Baba ba ya kiran sunana, saboda kunyar ɗan fari. Tun da na kama aiki ya samo mafita, ya koma ce mini malamin gona, kuma yakan ja kalmar ta yadda kowa zai tuna ba ni da ko kuyya ɗaya tawa.

A shekarar da nake magana, cibiyarmu ta tashi tattara irin dawar gargajiya daga ƙauyukan Ƙanƙara da Faskari da Sabuwa, saboda sabon iri da takin zamani sun fara korar na da. An gina ɗakin sanyi inda iri zai daɗe bai mutu ba. Sai dai ɗakin ƙarami ne, dawar ƙasarmu kuma ta fi a ƙirga, kowane ƙauye da sunan da yake ba tasa. Abin da wani ke kira kaza a Ketare, shi wani ke kira wani abu a Sabuwa. Don haka aka yanke cewa za a rarraba su dangi-dangi, a ajiye guda ɗaya tak daga kowane dangi.

Mu biyu aka tura. Ni na ɗauki ɓangaren Ƙanƙara, abokin aikina kuma, wani gajeren mutum ɗan Sabuwa mai bakin tsiya, ya ɗauki Faskari da garinsu. Da na iso gida na gaya wa Baba abin da ya kawo ni, sai ya dube ni sama da ƙasa.

"To malamin gona, mi gwamnati za ta yi da dawata? Tuwo ta rasa?"

Na yi masa bayani iya iyawata. Bai saurara ba sosai. Ya tashi, ya wuce ɗakin girki bai ko ɗaga kai ya kalli na rataye ba, ya leƙa rumbu ya zaro mini 'yan zangarniyoyi daga damin ci. Na ce, "Baba, ai na rataye ya fi." Ya ce, "Wancan iri ne. Ba a ba baƙo iri, ko da ɗanka ya rako shi." Na ji haushi, amma ban isa in ja da shi ba. Na zuba a ambulan na rubuta lamba.

Da damina muka shuka duk abin da muka tattaro a gonar gwaji, kowane a layinsa. Muka auna tsawon kara da wata gora mai zane, muka lura da lokacin da kowace ta fitar da kai, da tsawon zangarniya, da launin ƙwaya, da sauran abubuwa irin waɗannan. Daga nan aka mayar da awon kowace dawa kan kati ɗaya mai ƙananan huji, domin a lokacin da kati ake yi wa kwamfuta magana. Kwamfutar kuwa ɗaki guda ta cinye, mu ba mu taɓa ko shafa ta ba. Ta taga kake miƙa katunanka a ɗaure da roba, ka dawo washegari a ba ka doguwar takarda.

Shugaban sashenmu, wanda muke kira Dakta, dogon mutum ne ɗan Faskari da ya yi karatu a ƙasar waje ya dawo bai daina cin goro ba. Shi ya bayyana mana abin da na'urar za ta yi. Akwai wani tsarin lissafi a cikinta, abin da yaran yanzu ke kira manhaja. Zai ɗauki kowace dawa biyu ya lissafa tazarar da ke tsakaninsu daga awonmu. Biyun da suka fi kusa sai ya haɗa su gida ɗaya. Ya sake dubawa, ya haɗa na kusa na gaba, ko dawa da dawa, ko dawa da gida, ko gida da gida. Haka zai yi ta yi har kowa ya shiga ƙarƙashin inuwa ɗaya. Abin da zai fito a takarda kamar bishiya ne mai rassa. Sai Dakta ya ɗora rula ya ja layi ya gitta bishiyar. Duk reshen da layin ya yanke, dangi ɗaya ke nan, kuma kujera ɗaya gare shi a ɗakin sanyi.

Ni aka ba aikin haɗa katunan in kai taga. Na tambayi Dakta yadda zan jera su, ya ce duk yadda na ga dama, na'ura ba ruwanta da wa ke gaba.

To, na'ura ba ruwanta, amma ni da ruwana. Katunan nan ba lambobi ba ne a wurina. Na san mai kowane kati na ɓangarena, na sha ruwan gidansa. Na ɗauki na wani matashi da bai daɗe da aure ba, na ga zai hau kan na limamin Ketare, sai hannuna ya ƙi. Na zauna na jera su yadda ake zama a ɗaurin aure, dattawa a gaba, magidanta a tsakiya, samari a baya. Na ɓangaren ɗan Sabuwa, da yake ban san masu su ba, na bi shi ina tambaya wane ne babba, yana ba ni amsa yana dariya. Ya ce, "Wai kai ko kati sai ka yi mashi gaisuwa?" Na ce masa mutanen Sabuwa ba su san girma ba, shi ya sa ba su yi tsawo ba. Katin Baba kuwa na ɗora shi a sama da kowa. Ba shi ya fi kowa shekaru ba, amma ubana ne, kuma ni ke riƙe da robar.

Da bishiya ta fito muka shimfiɗa ta a kan tebura biyu. Ga wani ƙaton reshe na dangin kaura, ga na farafara, ga ƙanana nan da can. Na bi da yatsa ina neman lambar Baba. Na same ta can gefe a wani ɗan siririn reshe, ita da wata lamba guda da ban sani ba. Dakta ya ɗora rula ya ja layinsa, layin ya yanke ɗan reshen nan daban. Dawar tsohuwa ba kaura ba ce, dangin kanta ce. Ban tsaya tunanin ɗaya lambar ba, murna ta rufe mini ido.

Ranar Asabar na hau babur, ban tsaya ko'ina ba sai Pauwa. Na tarar da Baba a gindin bedin ƙofar gida yana gyaran igiya. Na ce masa na'ura ta tabbatar dawarsa ba ta da irinta, za a sa ta a ɗakin sanyi, jikokin jikokinsa in sun nema za su samu. Ya ajiye igiyar. Ya tambaye ni, "Ko bayan ba ni?" Na ce ko bayan ba mu duka. Ya ce, "To madalla," ya ci gaba da igiyarsa. Kafin in koma ranar Lahadi, babu wanda bai ji ba a masallaci da bakin kasuwa cewa gwamnati ta gina wa dawar tsohuwa ɗaki mai sanyi a birni. Baba da kansa ya ƙara cewa har da mai gadi.

Ina komawa aiki na tarar ɗan Sabuwa ya ga wani kati ya lanƙwashe, ya sake buga shi daidai yadda yake, ya kuma mayar da katunan duka bisa jerin lamba, wai tsarina na ɗaurin aure yana ba shi ciwon kai. Ya kai taga don a sami takarda mai tsabta ta ajiya. Takarda ta fito. Na nemi ɗan siririn reshena na rasa. Lambar Baba da abokiyar tafiyarta sun shige cikin ƙaton reshen kaura, inda dawa fiye da hamsin ke jiran kujera ɗaya.

Na yi masa ca. Na ce ya ɓata katin, ya ce in duba. Muka ɗaga katunan a hasken taga ɗaya bayan ɗaya, huji bai canza ba. Awo ɗaya, na'ura ɗaya, bishiya biyu. Gaskiya raina ya ɓaci ƙwarai, domin ba bishiya nake gani ba, fuskar Baba nake gani a gindin bedi. Ɗan Sabuwa, wanda duk tsiyarsa yana da kirki, ya rage murya ya ce, "To mu mai da naka tsarin mana, wa zai sani?" Na so in ce to. Amma idan jerin kati ne ya ba dawar tsohuwa kujera, to ba na'ura ce ta ce komai ba, ni ne na ce, kuma abin da na faɗa wa Baba ƙarya ke nan. Muka naɗe takardun biyu muka kai wa Dakta.

Na zaci zai yi faɗa. Mutumin nan sai ya tsaya a kan takardun yana murmushi kamar an yi masa albishir da haihuwa. Ya ɓare goro ya ba kowannenmu, ya sa na sake faɗa masa yadda na jera katunan, ya yi dariya har da tari. Ya ce, "Malam, da ba don ladabinka ba, da mun cika ɗakin sanyi da abin da ba mu tabbatar ba."

Shi ya gano dalilin. Gorar awonmu zanenta ƙafa-ƙafa ne, in kara ya faɗa tsakani sai mu ba shi na kusa. Launi kuma 'yan lambobi ƙalilan muka ba shi. Saboda haka tazara da yawa sun fito daidai wa daida, kunnen doki. Idan manhajar ta zo haɗa na kusa ta tarar da biyu sun yi kunnen doki, ba ta da wata hikima, wanda ta fara cin karo da shi take ɗauka. Wanda ke sama a kati shi ke gaba. Kuma haɗi ɗaya in ya canza a ƙasa, duk abin da aka ɗora a kansa sai ya bi shi. Ashe na'urar ma tana bin wanda ta tarar a gaba, sai dai ita ba don girmamawa ba.

Na ce, "To ranka ya daɗe, wace bishiya ce gaskiya?" Ya ce bai sani ba tukuna, kuma ba za mu zaɓi wadda ta yi mana daɗi ba. Za mu gwada abu biyu. Na farko, mu ga wane reshe ne ke tsayawa komai aka yi da jerin katunan. Na biyu, mu ga ko bishiyar tana faɗin gaskiya game da awon da ta fito daga ciki.

Gwajin farko ya mai da ofishinmu kamar matattarar 'yan karta. Kullum da safe ɗan Sabuwa zai baza katunan a tebur ya cakuɗa su, ya tattara, in kai taga. Ashe ya iya cakuɗa kati fiye da yadda ya kamata ɗan mutunci ya iya, na kuwa yi masa alkawarin sai na gaya wa surukansa. Ni kam duk lokacin da na ga katin Baba ya faɗa ƙarƙashin na wani yaro sai in kau da kai. Matar da ke karɓar kati a taga ta gaji da mu, ta ce ko mun mai da na'urar gwamnati boka ne, muna ta maimaita tambaya ɗaya har sai ta faɗi abin da muke so. Takardu suka taru, muka manna su a bango. Wasu rassan ba sa motsi, kullum suna nan yadda suke. Wasu kuwa yau nan, gobe can.

Gwaji na biyu ya fi wuyar shiga kaina, sai da Dakta ya maimaita. Kowace dawa biyu suna da tazararsu ta asali, wadda aka lissafa daga awo. Suna kuma da tazara a bishiya, wato yawan hawan da za ka yi kafin rassansu su haɗu. Idan bishiya ta kirki ce, waɗanda ke kusa a awo za su kasance kusa a bishiya, na nesa kuma nesa. Na'urar tana iya gwama biyun ta ba ka lamba guda, in ta matso kusa da ɗaya bishiyar ta riƙe amana, in ta yi ƙasa to ta yi son kai. Da aka gwada, bishiyoyinmu na farko duka biyu, tawa da ta ɗan Sabuwa, ba wadda ta yi abin a yaba. Wannan ya ɗan sanyaya mini rai, tun da ba ni kaɗai na faɗi ba.

Laifin, in ji Dakta, har da hanyar haɗin da muka zaɓa. Hanyar farko, da zarar ɗan wannan gida ya yi kama da ɗan wancan gida, shi ke nan an haɗa gidajen biyu, ko da sauran mutanen ba su haɗa komai ba. Haka kaura ta riƙa jawo maƙwabta ɗaya bayan ɗaya har ta haɗiye su. Akwai wata hanyar a cikin manhajar wadda ke duba kowa da kowa a gidajen biyu ta ɗauki matsakaici kafin ta haɗa. Muka koma kanta, muka koma kan ainihin awon da ke rubuce muka rage kunnen dokin da za mu iya ragewa, muka sake cakuɗa kati. Lambar amana ta tashi sosai, rassa kuma suka daina yawo sai 'yan kaɗan.

Duk kwanakin nan ban je gida ba. Na aika wa Baba da sukari da sabulu ta hannun direba, na ce aiki ya yi yawa.

Ranar da muka tsaya gaban bango muna bin takardun ɗaya bayan ɗaya, lambar Baba kawai nake nema. A sabuwar hanyar, ɗan siririn reshen nan ya dawo, kuma ya tsaya daban da kaura komai aka yi da katunan. Na yi hamdala a fili. Sai Dakta ya nuna mini abin da na ƙi gani tun farko. A duk takardun da ke bangon, tsofaffi da sababbi, ko a wace hanya, lambar Baba ba ta taɓa tafiya ita kaɗai ba. Kullum ita da ɗaya lambar nan suke fara haɗuwa tun daga ƙasa. Dangi ɗaya ne, kujera kuma ɗaya ce.

Ƙa'ida ita ce a jiƙa ƙwayar kowanne a kan takarda, wanda ya fi tsira shi za a ajiye, domin ba a kai iri mai rauni ɗakin sanyi. Ban ma jira sakamako ba na san yadda za ta kaya. Abin da ya rage a ambulan ɗin Baba daga damin ci ya fito, ƙwari sun riga sun yi rabonsu. Na ɗayan kuwa ya tsira kamar gashin kai. Na roƙi Dakta ya bar ni in je in karɓo na rataye. Ya ce in ya buɗe mini wannan ƙofa sai ya buɗe wa kowa, kuma ai dawar ɗaya ce, me na rasa?

Na juya kan ɗan Sabuwa da haushi, na ce wai wane ne ma mai wannan lambar da ya ƙwace wa ubana kujera? Ya ɗan yi tunani, ya ce ba namiji ba ne. Wata tsohuwa ce a wata unguwar Maguzawa bayan Daudawa, gida mai ƙatuwar tsamiya a ƙofa. Ya ce ta zage shi tas don ya ƙi cin abinci, sannan ta hau kan turmi da kanta ta sauko masa da irin da ta rataye, ta ce in za a kai dawarta birni to a kai mai kyau, kada a ja mata abin kunya.

Na san tsamiyar nan a labarin gidan su kakata, ko da yake ban taɓa ganinta ba.

Na isa Pauwa da hantsi, na durƙusa na faɗa wa Baba komai, ban rage ba. Na ce ambulan da za a ajiye ba nasa ba ne, ba kuma sunan Pauwa ke jiki ba. Fuskarsa ta canza, na ga tsufansa a fili. Ya ce, "To mi zan ce ma mutane?" Sannan na gaya masa daga inda ɗayan ya fito, da tsamiyar, da tsohuwar da ta hau turmi. Ya ɗago kai.

"Mai faɗa? Mai wushirya?"

Na ce ban ga wushiryarta ba, amma faɗa kam an tabbatar.

"Ɗiyar kawuna ce. Taubashiyata. Ashe tana nan da rai, ja'ira." Ya fashe da dariya. "Tun muna yara komi nawa sai ta amshe. Yanzu har ɗakin gwamnati!"

Ba gaba ce ta raba su ba. Tun da kakata ta rasu ƙafa ta ɗauke, yau a ce gobe, gobe a ce bayan girbi, har aka manta hanya. Zumunci a ƙafa yake, kuma ƙafar ce ta gaza. Baba ya miƙe ya shiga ɗakin girki, ya sa na hau na kwance masa rabin abin da ke rataye. Ya naɗe a buhu, ya sa babbar riga, ya ce in tayar da babur. Ita ce ranar farko da ya yarda ya hau bayana, kuma tun daga Pauwa har Daudawa yana gaya mini ban iya tuƙi ba.

Muka sami gidan da tsamiyarsa. Gida ne cike da mutane, wasu sun musulunta, wasu suna zuwa coci, wasu suna nan kan abin da suka gada, amma duka gandu ɗaya suke nomawa, samari majiya ƙarfi sun fi a ƙirga da hannu ɗaya. Tsohuwar tana tsince wake a tsakar gida. Ta kare ido da hannu ta dubi Baba, ta daɗe tana dubansa.

"Wa nike gani haka kamar mijina da ya gudu? Halan yunwa ta koro ka?"

"Ɓarauniya," in ji Baba, "na zo amsar ɗakina da kika sace."

Na gaishe ta da Gwaggo, ta ce in tashi, na yi kama da uwar ubana ta wajen goshi, Allah ya sa ban ɗauko rowar ubana ba. Aka kawo fura. Suka yi ta tsiya suna lissafin waɗanda suka mutu, in sun zo kan wani suna su yi shiru, can kuma ɗaya ya tsokani ɗaya. Da Baba ya ba ta labarin damin ci da ya ba ni, ta yi dariya har ta riƙe ciki, ta ce maganinsa ke nan.

Daga baya ya kwance buhun ya tura mata gabanta. Ta ɗauki zangarniya ɗaya ta murza a tafin hannu, ta hure, ta ciza ƙwaya.

"Wagga ba tamu ba ce. Ta rame. Ƙasarku ta Pauwa ba ta da albarka."

Na buɗe baki zan kawo mata hujjar takardun da ke bango, Baba ya taka mini ƙafa. Ya ce mata, ba da wasa ba wannan karon, "Ni dai ba ni da mai shuka ta. Ɗiyana duk sun tahi."

Gwaggo ta kira wani jikanta ta ce ya sauko da nata irin. Ta ɗauko ƙatuwar ƙwarya, ta murje nata a ciki, ta murje na Baba a kai, ta sa hannu ta juya har ba mai iya cewa ga na wane. Ta ce, "To ga shi nan. In ta ɓata mani gona, kai za ka biya."

A hanyar komawa Baba bai ce ban iya tuƙi ba ko sau ɗaya. Mutanen Pauwa kuwa ya gaya musu cewa ɗakin sanyi yana nan, dawar tsohuwa tana ciki, sai dai an rubuta ta da sunan gidan iyayenta, kamar yadda ya dace. Tun daga shekarar, duk bayan girbi sai na kai shi gidan tsamiya, su zauna su zagi juna su rabu.

Ya yi shekaru bayan haka kafin ƙarfinsa ya ƙare. Gonar Pauwa aka ba da ita aro, mai aron ya shuka masara. Da Baba ya rasu, ana zaman makoki sai ga samari biyu daga bayan Daudawa da buhun dawar tsohuwa a kan jaki. Suka ce Gwaggo ba ta iya tafiya yanzu, amma ta ce a yi tuwon sadaka da wannan, kada a yi wa mijinta da masara. Mata suka surfa, suka niƙa, aka tuƙa, jama'a suka ci suka watse.

Washegari da safe ƙanwata ta kawo mini ɗumame a zaure, a wurin da Baba yake zama. Na sa loma ɗaya a baki. Bai yi tsami ba.